Na Gida Ko Na Waje

Azumin bana da bargo muka yi shi. Ranar nan har ruwa aka yi a Riyad, irin yayyafin da bai isa ya jiƙa mayafi ba amma ya isa ya fito da mutanen gari cikin motoci suna zagaye suna ɗaukar hoto. Ina tsaye bakin taga ina kallonsu, maƙwabciyata da ba ta daɗe da zuwa ƙasar nan ba take ce mini ita dai ba ta ga wuyar azumin Saudiyya da ake ta zuzutawa ba. Na ce mata Allah ya ƙara sauƙi. Ban tsaya bayani ba, don wanda bai yi azumi a garin nan ba lokacin da watan ke faɗowa tsakiyar zafi, ko ka faɗa masa zai ɗauka gishiri kake ƙarawa. Ni na yi su da yawa, kuma akwai guda ɗaya da har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina. Shi ne na shekarar da aka zaɓa wa 'yata Juwaira karatun da za ta yi.

A lokacin muna unguwar Manfuha, a hawan ƙarshe na wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo. Rufin kankaren da ke kanmu yana shan rana tun hantsi, ya yi ta sauke mana ita har gari ya waye. Mukayyif ɗaya gare mu, na'urar sanyin nan da ake cusawa a bango, ya tsufa har ƙararsa ta fi sanyinsa yawa. Tankin ruwa kuma yana saman rufi, saboda haka famfon sanyi shi ke kawo ruwan da zai saɓule maka fata. Dabarar kowa a unguwar ita ce a kashe hita mai ɗumama ruwa, a bar ruwan da ke cikin tukunyarta ya huce a inuwar banɗaki, sai ka buɗe famfon zafi in kana son na sanyi. Shi ma ba ya isa. Bayan sallar asuba nake cika bokitai da robobi in jera su a lungu, kowa da nasa, wanda ya yi wasa da rabonsa ya yi alwalar la'asar yana tsalle.

Mijina, Abbansu kamar yadda nake kiransa, mai kula da sito ne a wani kamfanin gine-gine. A shekarar ya nemi sauya kafili, wato mutumin da zamanka a ƙasar ke rataye a wuyansa, sai takardun suka maƙale a tsakani. Tsohon bai sake shi ba, sabon bai iya karɓarsa ba. Iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare, mu kuma tamu a jikin tasa take, muka ƙare tare. Aiki ya tsaya, albashi ya tsaya. Makarantar yara ta ce ba za ta rubuta su a sabuwar shekara ba sai an sabunta. Ban ga laifinsu ba, doka ce.

Anas, ɗana namiji, yana da shekara sha huɗu, kuma da ya ji babu makaranta sai da ya yi sujada. Juwaira ce abin ya daka. Tana da sha shida, a nan aka haife ta, shekara ɗaya ta rage mata ta gama sakandaren Larabci a ɓangaren kimiyya, kuma tun tana aji ɗaya ba a taɓa shiga gabanta ba. Harhaɗa magunguna take son karantawa. In ta rasa wannan shekarar, ko ta sauka daga wannan layin, duk abin da ta tara ya zama ba shi da takardar da za ta tsaya masa. Ta san haka, na sani, Abbanta ma ya sani.

Sai in faɗi yadda harshe yake a gidanmu, don a nan abin ya karye. Juwaira Larabci take mafarki da shi. Hausarta ta kicin ce: ta san gishiri, ta san tsintsiya, ta san zagi in na yi mata, amma za ta ce maka shinkafa ya ƙone, Baba ta dawo. Shi kuma Abbansu shekarunsa a ƙasar sun fi na Juwaira a duniya, amma Larabcinsa na wurin aiki ne, wanda ake yi da 'yan Bangaladash da 'yan Indiya, kowace magana a cusa mata "fi": ana fi ruh, inta fi iji, wai zan tafi, kai ka zo. Yara suna kwaikwayonsa a ɗaki, ina jin su ina cije leɓe don kada in taya su. Wata rana ya yi baƙi, yana ba su labari yana haɗawa da Larabci, Juwaira ta shigo da shayi ta gyara masa kalma ɗaya. Ba da raini ta yi ba, bakinta ne ya riga ta. Baƙin suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce ai Alhaji ka samu malama a gida. Shi ma ya yi dariyar. Ni da na san shi na san wace iri ce.

Da makaranta ta rufe musu ƙofa, ni da Juwaira muka zauna muka yi lissafin mafita, muka ga biyu. Akwai malamarta, Ustaza Ihsan, wata Basudaniya da ke unguwar Ulaisha, tana tara 'yan matan da takardunsu suka maƙale a falonta tana bi da su manhajar Larabci don kada su yi baya. Akwai kuma abin da suke kira manazil, wato ɗalibi ya zauna a gidansu da littattafan, in lokaci ya yi ya je ya zauna jarrabawa tare da kowa. Manhaja ɗaya ce, bambancin kawai a fita ko a zauna. Juwaira ta fi karkata ga zama, don ina goyon autarmu Hanan a lokacin, jikina ba ƙwari, kuma babu mai kai ta Ulaisha kullum a wannan rana ba tare da iƙama a hannu ba. Na ce ta bari mu ji ta bakin Abbanta.

Ashe shi ma yana nasa lissafin, kuma shi ma biyu ya gani, sai dai ba namu ba ne.

A farkon azumi ne, bayan la'asar. Ina kicin ina suyar ƙosai, zufa na shiga mini ido, man yana tsalle. Na ji ya kira su falo su biyu, ya sa sun zauna a ƙasa. Ya yi musu doguwar magana a kan cewa sun girma, shi ba uban da zai yi wa ɗa dole ba ne, shawara zai ba su su zaɓa da kansu. Da Hausa yake maganar, Hausa mai nauyi, irin wadda yake yi in ya kira 'yan'uwansa a waya. Sannan ya ce:

"Juwaira, ke ce babba. Karatun gida kike so, ko na waje?"

Ba ta ko yi jinkiri ba. Ta ce, "Na gida, Baba."

"Kin tabbata? Kada gobe ki ce ni na sa ki."

"Wallahi na gida nake so."

Ya ce Anas ya zama shaida. Na saki matsamin a cikin mai na fito, don ni na ji abin da ita ba ta ji ba. A bakin Abbansu, da bakin duk wanda ya baro ƙasarsa da girmansa, gida Najeriya ce, waje kuma nan ne inda muke. Yarinyar da aka haifa a asibitin Riyad ba ta da wani gida sai wannan ɗaki biyu da falo, waje kuma shi ne abin da ke bayan ƙofa. Ita manazil ta zaɓa. Shi kuma ya ji ta zaɓi manhajar Najeriya, ta Turanci, wadda za ta faro kusan daga tushe.

Na ce masa yarinyar nan ba ta gane tambayar ba, ya sake yi mata yadda za ta fahimta. Ya dube ni ya ce Bahaushiya ce, 'yar Bahaushe, da Hausa ya tambaye ta, da Hausa ta amsa har da rantsuwa, me ya rage? Juwaira tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Da na fassara mata abin da ta amince da shi, sai ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ta fara yi masa bayani da Larabci, da sauri, hannu na tashi. Ya ɗaga yatsa ya ce daga yau an daina wannan yaren a gidansa sai a salla da karatun Alƙur'ani. Ƙosan ranar baƙi ƙirin muka ci shi.

Na daɗe ina ba shi uzuri, ina cewa wataƙila shi ma bai lura da harshen damon da ke cikin tambayar ba. Uzurin bai yi kwana da yawa ba. Mako bai cika ba aka kira shi daga ofishin masu jigilar kaya a kasuwar Batha, ya dawo da kwali ɗaure da igiya, an rubuta sunansa da hannun yayansa na Malumfashi. Littattafai ne, na Turanci da lissafi da kimiyya da tarin tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Duk wanda ya taɓa jiran daddawa ko kuka daga gida ya san kaya ba sa zuwa a mako. Tun kafin ya tara su a falo kwalin yana hanya.

Ba zan ce ba shi da hujja ba. Da na tsare shi a ɗaki ya ce ƙasar nan ba ta ba ɗan kowa wurin zama, ga shi muna gani da idonmu, takarda ɗaya ta maƙale an kore mana yara daga aji. Ranar da aka ce mu tattara, me shaidar Larabci za ta yi mata a Najeriya? Na ce gaskiya ne, amma shekara ɗaya ce ta rage, ya bari ta kammala ta riƙe wani abu a hannu, sannan ta yi nasa. Ya ce in an bar ta ta gama ba za ta ƙara waiwayar gida ba. Na ce to ya fito fili ya ce shi ya yanke, ya daina cewa ita ta zaɓa. Nan ne ya sha mur, ya ce ashe ni ma na zama Balarabiya. Na yi kwanaki ba na ce masa komai sai ga abinci. Na kira yayan nasa, ya ce mini ai shi ya sayi littattafan da hannunsa, masu kyau ne.

Allah ya raba mace da namijin da ba shi da wurin zuwa da safe. Abbansu ya mayar da falo aji, ya mayar da kansa hedimasta. Ya samo wani farin allo ya jingina da bango, kuma kullum sai ya sa riga mai kwala kafin ya fara, kamar wani zai zo duba shi. Mukan yi sahur da abin da ya kwana, mu yi salla, in cika bokitaina, a ɗan runtsa. Da hantsi ya tashe su. Daga nan har azahar muryarsa ce da ƙarar mukayyif, ni ina ɗaki da Hanan ina shafa mata rigar da na jiƙa don ƙurajen zafi sun cinye mata wuya. Bayan azahar kowa ya nemi tayil ya kwanta a kai, ba tabarma, ana juyawa in wurin ya ɗumame. Leɓe ya tsage, harshe ya yi kauri, ko tsaki mutum ba ya iya yi. Titi ya mutu, ko kyanwa ba ka gani, sai iska mai zafi da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa kamar an buɗe tanda. Da la'asar in shiga kicin, shi kuma ya ba su aikin da zai duba kafin magariba.

Abinci a shekarar sai godiya. Geron da na sayo a Batha kafin abubuwa su tsaya nake ta ja, kunun kullum yana ƙara tsinkewa. Wake ya ƙare aka daina ƙosai. Abbansu da Anas sukan je rumfar buɗa-baki ta masallacin unguwa, inda ake shimfiɗa wa ma'aikata leda, su ci a can su taho mana da abin da aka bari: shinkafa da ɗan kaza, dabino, da robobin laban, nonon nan mai sanyi. Mutumin da a da yake aika wa rumfar da katan-katan na ruwa, shi ne yake shigowa da leda a ɓoye cikin riga. Na san abin yana cin sa. Na kuma san a kan wa yake hucewa.

Anas bai sha wuya ba. Turancinsa na wasan kwamfuta da ƙwallo ya ɗauke shi, kuma shi ko da wane yare aka ce ya yi karatu, ƙin yi zai yi. Juwaira kuwa ta san amsar kusan duk abin da ke littafin kimiyyar, sunayen ne ba ta sani ba. Sai ta zauna da ƙamus tana neman abin da ta riga ta haddace shekara biyu baya. A lissafi hannunta ya saba da lambobin Larabci, inda biyar da'ira ce kamar sifilin Turanci. In ta yi sauri sai ta rubuta da'irar, shi kuma ya ja mata jan biro ya ce sifili ta rubuta, ya kuma ba ta sifilin a ƙasan shafi ya ce ga irinsa nan ta gani. Ya san biyar take nufi, shekara nawa yana karanta lambobin nan a takardun sito. Ga darussan da ke tambayarta amfanin gonar da ake nomawa a jihohin da ba ta taɓa jin sunansu ba. Ya sa ta karanta Turanci da ƙarfi, in ta ce "bebol" a maimakon "people" ya sa Anas ya maimaita yadda ta faɗa, su yi dariya. Daga baya Anas ya daina dariyar, sai ya zama shi kaɗai ke yi.

Dokar yare kuma ya sa mata hukunci. Duk wanda Larabci ya kuɓuce masa da rana, ba shi da laban da magariba. Anas ya iya kama bakinsa, don dama ba mai magana ba ne. Ita kuwa ko tuntuɓe ta yi da Larabci take cewa wayyo. Yarinya ta wuni da ƙishi a wannan wuta, a kira salla, ta ga an ɗauke robar da ke gabanta an tura wa ƙaninta. Nakan ɓoye nawa in kai mata kicin. Ranar farko ta sha. Rana ta biyu ta ce in bar shi, ruwa ya ishe ta. Kafin tsakiyar wata ta gano hanyar da ba za a ƙara kama ta ba, ta daina magana gaba ɗaya sai in an tambaye ta. Abbanta ya ce mini in duba yadda ta natsu.

A goman ƙarshe Ustaza Ihsan ta zo. Ni na kira ta a waya, da guntun Larabcina na kasuwa. Babbar mace ce mai jiki, ta hau benen nan da azumi a bakinta bayan la'asar, ta iso tana haki, lulluɓinta ya jiƙe. Abbansu ya karɓe ta da mutunci, ya zauna daga bakin ƙofar falo. Ta fara magana, ya dakatar da ita da hannu, ya ce da Hausa shi ba ya jin Larabci sosai, kowa ya shaida, har gyara masa ake yi a gaban baƙi. Ya ce Juwaira ta zo ta tsaya a tsakani ta yi tafinta, ya ɗage mata doka na wannan zaman.

Haka aka yi. Ustaza ta ce a shekarun da ta yi tana koyarwa ba ta riƙe ɗaliba irin wannan ba, shekara ɗaya ce, za ta riƙa zuwa har gida ta koyar da ita ba sai an biya ta ba, in iƙama ta fito a rubuta ta a jarrabawa. Juwaira ta tsaya kanta a ƙasa tana juya yabon kanta zuwa Hausar da ba ta ishe ta ba. Ta ce, "Ta ce ni... yarinya mai kyau ne a karatu."

"Ce," in ji shi. "Mai kyau ce. Sake faɗa."

Ta sake. Duk jimlar da ta fito sai ya gyara ta, ya sa ta maimaita, Ustaza tana zaune tana kallo ba ta san me ake yi ba. Da aka gama ya yi godiya, ya ce a faɗa wa malama ya ji daɗin zuwanta. Sannan ya ce:

"Faɗa mata ba ni na hana ba. Faɗa mata an ba ki zaɓi, ke kika zaɓa da bakinki."

Na zuba wa Juwaira ido. Babu mai jin harsunan nan biyu kamar ta a ɗakin. Da ta ga dama da ta faɗa wa malamarta komai, a gabansa, da irin Larabcin makarantar da ba zai kama ko rabinsa ba. Ina roƙon Allah a zuciyata ta yi hakan. Ta ɗaga kai ta dubi Ustaza, ta ce, "Ana ikhtart." Ni na zaɓa. Ba ta ƙara ko harafi ba.

Na yi ta maza na tsoma baki, na ce wa Ustaza yarinyar ba ta fahimci tambayar ba ne, na haɗa da hannu da ido. Ta gane. Ta dubi Abbansu, ta dube ni, ta ce uba shi ne uba, ita ba ta da iko a gidan wani. Ta rungume Juwaira ta daɗe, ta yi mata magana a kunne. Na ce ta tsaya ta sha ruwa da mu, ta ce ana jiranta. Ina jin saukarta a matakala, tana tsayawa a kowane hawa.

Washegari ya sa Juwaira ta tattaro littattafanta na Larabci. Ya ce ba za a wulaƙanta su ba, akwai sunan Allah a ciki. Ya ɗaure su da igiyar da ta zo da kwalin Malumfashi, ya kai su akwatin da ke ƙofar masallaci, wanda ake zuba tsofaffin takardu masu ayoyi. Ya dawo yana cewa ya sauke nauyi. Ita ta riƙe masa igiyar yana ƙullawa.

Bayan salla da 'yan makonni takardunsa suka fito. Ya koma aiki, aka sabunta mana iƙama, makarantu ko buɗewa ba su yi ba. Anas ya ce shi dai a mayar da shi ajinsu wurin abokansa, aka mayar da shi ba tare da wata doguwar magana ba. Na ce to Juwaira fa, ga ƙofa a buɗe, ko kwana ɗaya ba ta rasa ba. Ya ce Anas dama bai zaɓi komai ba, shaida kawai ya yi. Ita ce ta yi rantsuwa, kuma ba zai koya wa 'yarsa saɓa magana ba. Farin allon ya koma bayan kabad, don hedimasta ya samu abin yi. Aka bar ta ita kaɗai a falo da kwali da ƙamus, tana jin motar makaranta tana yi wa 'yan matan benenmu hon kowace safiya.

Shekara biyu ta yi a haka, sannan aka kai ta Malumfashi gidan yayansa ta zauna jarrabawa. Ta ci lissafi, ta ci kimiyya duka, ta faɗi Turanci. Ta sake, ta sake faɗi. Ba a shiga jami'a babu shi. Garin jiran zama na gaba ta wuce wa'adin da aka ba ta na dawowa, iƙamarta ta faɗi, ƙasar da aka haife ta ta zama sai da biza. Yanzu tana can tana koyar da Larabci a wata Islamiyya, yara suna kiranta Balarabiya. Hausarta ta fi tawa, har karin maganar da ban sani ba take yi. Abbansu kuwa yana nan. Mun bar Manfuha, muna da mukayyif a kowane ɗaki, kuma duk shekara in ya sabunta iƙama sai ya ce bana ce ta ƙarshe, baɗi gida za mu koma.

Hanan ta kai sha uku. Makarantarsu ta yi nisa da inda muka koma, muka yanke ta ƙarasa a ɗaki, don yanzu abin ya zama ruwan dare, komai yana cikin kwamfuta. Akwai manhajar Larabci, akwai ta Ingila, akwai ta Amurka, akwai ta Najeriya, kowace da malamanta da ke magana ta allo. Abbansu ya tsufa, ya yi laushi, ya ce shi ba ruwansa, a tambayi yarinya abin da take so. Na rasa wanda zan yi shawara da shi, sai na kira Juwaira bayan an sha ruwa. Muka gaisa, ta tambayi jikina, ta tambayi Anas, ta ce a gaida Baba. Na jera mata manhajojin ɗaya bayan ɗaya, na ce ita ce ta san abin nan, wanne take gani?

Ina jin kukan akuya a bayanta da wani yaro yana kiran malama.

"Umma, ku zaɓa mata duk wanda kuka ga dama," in ji ta. "Kowanne ne za ta iya. Amma don Allah kada ku ce mata ita ta zaɓa."